Wa aka yi wa kujerar Basalona?

Ranar Talatar da ta wuce na raka wani dattijo maƙwabcinmu banki, saboda kuɗin fanshonsa sun maƙale. Aka ce mu hau sama mu jira manaja. A ɗakin jiran akwai kujeru huɗu baƙaƙe na fata, ba su da hannu, ƙafafunsu ƙarfe ne mai walƙiya da aka gitta kamar almakashi. Baba na zama sai kujerar ta ja shi baya, gwiwoyinsa suka yi sama.

Da aka kira mu, ya yunƙura sau biyu bai tashi ba. Babu abin da zai dafa. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kama ni, ƙafar ba ta ɗauka." Sai da ni da masinja muka tallafe shi sannan ya miƙe.

Wani matashin ma'aikaci da ke wucewa ya ce, cikin ladabi kuwa, "Sannu Baba. Ai kujerar Turai ce, ta zamani, duk manyan ofisoshin duniya ita suke sawa." Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar tasa ce ta tsaya mini a rai har na dawo gida.

Na san kujerar. Sunanta kujerar Basalona, kodayake waɗanda muka gani kwaikwayo ne. Kusan duk littafin da ya yi maganar kayan ɗaki na zamani sai ka ga hotonta a ciki, ana nuna ta a matsayin tutar wannan salo. Ni kuwa ina ganin an ba ta matsayin da ba nata ba. Karaga ce aka yi wa sarki, aka yi mata ado da ƙarfe. Masu salon zamani na farkon ƙarnin da ya wuce sun yi alkawarin kaya masu kyau, masu sauƙin kuɗi, waɗanda inji zai ƙera da yawa har talaka ya samu. Wasu kujeru sun cika wannan alkawari. Wannan ba ta cikinsu, amma ita ta kwashe suna, domin bikin baje koli yakan ɗaga abin da ya yi kyau a hoto.

Abin da ya faru a 1929

A shekarar 1929 aka yi bikin baje kolin duniya a birnin Basalona na ƙasar Sifaniya. Jamus ba ta daɗe da shan kaye a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba, kuma ba ta halarci babban baje kolin kayan ado da aka yi a Faris a 1925 ba. Tana neman wurin da za ta nuna wa duniya sabuwar fuska, ta ƙasa mai zaman lafiya da ilimi da masana'antu. Aka ɗora aikin a kan mai zanen gine-gine Ludwig Mies van der Rohe da abokiyar aikinsa Lilly Reich.

Rumfar da suka gina ba a baje hajar komai a cikinta ba. Kayan masana'antun Jamus suna wasu zauruka dabam. Ita wannan, bangaye ne na marmara kala-kala da gilashi, ginshiƙai takwas na ƙarfe, tafkuna biyu marasa zurfi, da mutum-mutumin wata mata da Georg Kolbe ya sassaƙa. A tsakiya akwai bango guda na dutsen oniks mai ruwan zuma, ga baƙar darduma a ƙasa, ga jan labule, wato launukan tutar Jamus. A gaban wannan bango aka ajiye kujerun, don Sarkin Sifaniya, Alfonso na 13, da matarsa da za su zo buɗe wurin.

Mies da kansa ya bayyana daga baya cewa gwamnati ce za ta karɓi sarki, don haka dole kujerar ta zama mai kwarjini, ba za a kawo kujerar kicin ba. Ƙafafun nan masu gittawa kuma tsohuwar siffa ce, ta kujerun mulki da manyan Romawa suke zama a kai, da kujerun naɗewa na sarakunan Masar tun kafin su.

To mai abu ya faɗi abin da ya yi. Mu ne muka ƙi ji.

A 1930 aka rushe rumfar, bayan 'yan watanni kacal. Abin da ya rage shi ne hotuna marasa kala, kuma a kan waɗannan hotuna sunan ginin da na kujerar suka yi ta girma shekara da shekaru, har aka sake gina rumfar a wurinta aka buɗe a 1986. Ka duba wannan da kyau: mafi yawan waɗanda suka yabi kujerar a farko ba su taɓa zama a kanta ba.

Kujerar kicin ɗin da aka raina

Shekara 70 kafin Basalona, wani kafinta ya riga ya warware matsalar. Michael Thonet, haifaffen garin Boppard a Jamus, ya koma Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1842. Ya gano cewa in ka turara sandar katako da tururi har ta yi laushi, za ka iya lanƙwasa ta a cikin mazubin ƙarfe, in ta bushe ta tsaya a haka. Ya kai kayansa babban baje kolin Landan na 1851, wanda mutum kusan miliyan 6 suka halarta, ya samu lambar yabo. A 1859 ya fito da kujerar da ake kira Lamba 14, kuma a baje kolin Faris na 1867 kamfaninsa ya samu lambar zinariya.

Lamba 14 katako shida ce, da ƙusoshin ɗaurewa goma, da noti biyu. Mazauninta saƙa ce ta ɓawon kwagiri, iska na ratsawa. Yaro zai iya ɗaukarta da hannu ɗaya. In aka kwance ta, guda 36 suna shiga akwati mai mita 1 a tsawo da faɗi da zurfi, a tura ta jirgin ruwa, a ɗaura a can inda aka kai. Ba a bukatar gwanin sassaƙa wajen yin ta. Ma'aikacin da aka koya wa aiki guda zai yi nasa ya miƙa wa na gaba. Kafin 1930 an sayar da kusan miliyan 50. Gidajen shan gahawa na Biyana da Faris, ɗakunan cin abinci, gidajen malaman makaranta da na akawu, duk ita ce.

Wannan ita ce kujerar zamani a wurina. Thonet bai rubuta wata takardar aƙida ba, bai ce zai sake fasalin rayuwar ɗan Adam ba. Ya dai zauna ya rage katako, ya rage aiki, ya rage kuɗin dako, har abin ya kai ga mai ƙaramin ƙarfi.

Su kansu jagororin salon zamani sun san haka. A baje kolin Faris na 1925, yawancin rumfuna cike suke da kayan alfarma, irin na Jacques-Émile Ruhlmann, mai amfani da katakon ƙasashen nesa da hauren giwa. Mai zanen gine-gine Le Corbusier, ɗaya daga cikin jagororin salon, ya gina tasa rumfar a matsayin gida ɗaya daga cikin jerin gidajen da za a iya ginawa da yawa. Masu shirya bikin ba su so ta ba, har suka kewaye ta da dogon shinge don kada a gani, sai da minista ya sa baki aka cire. Da ya tashi saka kujeru a ciki, na Thonet ya saya, irin waɗanda kowa ke iya samu a kasuwa, ya kuma ce yana ganin daraja a cikinsu.

"Amma ai tana da kyau"

Tana da kyau, ban musa ba. Lanƙwasar ƙarfen nan daga baya zuwa ƙafar gaba, duk wanda ya taɓa riƙe guduma ko ya tsaya kusa da mai walda ya san ba ƙaramin ido ne ya fitar da ita ba. In ka ajiye ta a babban falo, wurin yakan yi tsit kamar an shigo da babban baƙo.

Matsalata ita ce kallon kitse da ake wa rogo. Tana kama da abin da inji ya fitar, alhali aikin hannu ce daga sama har ƙasa. Ta asali, wadda kamfanin Knoll na Amurka ke yi tun shekarun 1950, kushin ɗinta yanka 40 ne na fata da ake ɗinkawa a haɗa da maɓallai, ƙarfen kuma a walda shi a goge da hannu har sai alamar waldar ta ɓace. Farashinta dubban daloli ne. Ba laifi ba ne a yi abu mai tsada da hannu. Dukawanmu da masu ɗinkin babbar riga suna yi, kuma ba sa ɓoyewa. Kowa ya ga aska takwas a wuyan riga ya san watanni aka yi ana ɗinkinta. Laifin shi ne a sa wa aikin alfarma rigar ma'aikaci, sannan a ce ga abin da masana'anta ta kawo wa jama'a.

Sannan kujera ba hoton bango ba ce. Jiki ne ke yanke mata hukunci. Wadda ba ta da hannu, ta yi ƙasa, ta kwanta baya, ta dace da mai ƙarfin gwiwa da zai zauna na minti goma ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Tsoho, mai juna biyu, mai ciwon baya, mai goyo, duk ba a yi lissafinsu ba. A ƙasa mai zafi kuwa, in wuta ta ɗauke na'urar sanyi ta tsaya, fatar nan manne wa mutum take yi.

"Ai daga sama ake fara komai"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Masu ita suna cewa sabon abu kullum da tsada yake farawa. Baje koli wuri ne na gwaji, inda ake nuna abin da zai yiwu. Bayan shekaru sai ya sauko kasuwa da araha, kamar yadda wayar hannu ta yi.

Akwai gaskiya a ciki, kuma kujerun bututun ƙarfe su ne shaida. Marcel Breuer, matashi ɗan ƙasar Hangari da ke koyarwa a makarantar zane da ƙira ta Bauhaus a garin Dessau na Jamus, ya sayi keke a 1925. Ya lura da yadda aka lanƙwasa bututun kan keken, ga ƙarfi ga rashin nauyi, ya ce me zai hana a yi kujera da shi. Daga nan aka samu kujerar da daga baya aka sa wa suna Wassily. A 1926 Mart Stam, mutumin Holan, ya harhaɗa bututan gas ya yi kujera marar ƙafafun baya. A baje kolin gidaje na Weissenhof a Stuttgart a 1927, shi da Mies kowa ya nuna irin tasa. Da farko tsada gare su, sun fi na katako nesa ba kusa ba. Amma yau ka shiga aji, ko ɗakin jiran asibiti, ko shagon aski, za ka ga jikokinsu. Mai walda a bakin titi yana lanƙwasa fayif ya yi maka guda shida kafin la'asar, ko bai taɓa jin sunan Breuer ba.

Sai dai ka lura da abin da ya sauko. Dabarar bututu ce ta sauko, domin tun asali mai araha ce: fayif abu ne da masana'anta ke yi da yawa, lanƙwasa shi ba wuya. Kujerar Basalona kuwa ba da bututu aka yi ta ba, da faffaɗan ƙarfe ne mai nauyi. Kusan shekara ɗari ke nan ba ta sauko ba. Abin da ya sauko shi ne jabunta, mai ledar da ke ɓarewa bayan shekara biyu, kuma ko jabun a ɗakin jiran manaja ake sa shi. Aikin da aka yi ta dominsa a 1929, wato nuna wa baƙo cewa ya shigo wurin manya, shi take yi har gobe.

Waɗanda suka gane suka juya

Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne, daga cikin masu salon ne aka fara wannan suka.

Charlotte Perriand, 'yar Faransa mai zanen kayan ɗaki, tana da shekara 24 ta je neman aiki wurin Le Corbusier a 1927, ya sallame ta da cewa su a nan ba sa ɗinkin adon matashin kai. Da ya ga ɗakin da ta ƙawata da ƙarfe da gilashi a wani baje koli a Faris a wannan shekarar, sai ya ɗauke ta. Ita da shi da ɗan uwansa Pierre Jeanneret suka fito da kujerun ƙarfen da aka nuna a 1929, har da doguwar kujerar kishingiɗa da ta yi suna. Kamfanin Thonet ne ya ƙera su, kuma kaɗan aka sayar, don masu hali ne kawai ke iya saye. Perriand mace ce da ta damu da gidajen ma'aikata da gaske. A baje kolin duniya na Burasels a 1935, sai ga ta da kujerar katako mai mazaunin saƙar ciyawa, irin ta manoman ƙauye. Ba ta ji kunyar komawa ga abin da talaka zai iya saye ba.

Mai zanen gine-gine Alvar Aalto na Finlan kuwa ya faɗa ƙarara cewa ƙarfe mai walƙiya yana kashe ido, yana da sanyi a jiki, yana ƙara. Lokacin da shi da matarsa Aino suke aikin asibitin masu tarin fuka a Paimio, wanda aka gama a 1933, sun yi kujera da lanƙwasasshen katakon ƙasarsu, suka daidaita jinginarta yadda majinyaci zai samu sauƙin numfashi. Daga mai zama aka fara tunani, kuma mai zaman ma marar lafiya. A daidai wannan lokaci Aalto ya yi 'yar kujera mai ƙafa uku, marar jingina, da ake iya jera su ɗaya kan ɗaya a lungu. A 1935 suka kafa kamfanin Artek don sayar da irin waɗannan kaya, kuma rumfunan Finlan da ya zana a baje kolin Faris na 1937 da na Niyok na 1939 suka ƙara yaɗa sunansa. 'Yar kujerar nan an sayar da miliyoyi, an kuma kwaikwaye ta ba iyaka.

Wato baje koli yana iya ɗaga abin kirki. Ya ɗaga Thonet, ya ɗaga Aalto. Abin da nake cewa shi ne kada mu ɗauki lambar yabo da hoton jarida a matsayin hukuncin ƙarshe.

A nan sai na tuna Lilly Reich. Ita ta jagoranci shirya baje kayan masana'antun Jamus a Basalona, ta san yadi da fata da ɗinki tun kafin ta haɗu da Mies, kuma masana da yawa yau suna danganta kujerar ga su biyun. Amma shekaru da dama sunansa kaɗai ake kira. Haka Perriand: kujerun da ta yi wa aiki, shekaru da dama da haruffan sunan Le Corbusier aka yi ta sayar da su. Tarihin da aka gina a kan hoto da babban suna yakan manta da mai allura kamar yadda yakan manta da mai zama.

Baje koli ba alƙali ba ne

Mu da muka san baje kolin Kaduna mun san yadda abin yake: kowa mafi kyawun kayansa yake kawowa, ya share gaban rumfa, ya sa fitila. Na duniya kuwa ƙasashe ne ke zuwa nuna isa. Shekara biyar kafin Basalona, a baje kolin Daular Birtaniya da aka yi a Wembley a 1924, an gina ganuwa irin ta biranen Arewacin Najeriya, aka kawo masu sana'a daga Afirka ta Yamma suka zauna a ciki suna aikinsu 'yan kallo na wucewa suna leƙe. Irin wannan wuri, masu shirya shi ne ke zaɓar wanda za a kira gwani da wanda za a kira abin kallo. Ban ga dalilin da zai sa mu karɓi jerin gwanayensu ido rufe ba.

Kujerar roba

Wani zai ce, in yawan masu zama ne ma'auni, to farar kujerar roba ta gidan biki ta fi kowa. Na yarda, kuma ba na jin nauyin faɗa. Tun shekarun 1970 da aka fara zubo ta daga inji a dunƙule guda, ta shiga inda Thonet bai kai ba. Ɗaurin aure, suna, zaman makoki, taron siyasa, teburin mai shayi, gaban shagon mai cajin waya. Ana jera ashirin a ɗora a kan amalanke. Tana da hannu, tana da tsayin da tsoho zai tashi da kansa. Da ita aka ba Baba a bankin nan, da bai nemi a kama shi ba.

Aibinta ma ba ɓoye yake ba. Rana na cinye ta, ƙafar baya takan buɗe ta kayar da mutum a bainar jama'a, in ta tsage sai dai a ɗinke da waya na ɗan lokaci, daga nan bola. Ta cika rabin alkawari, wato araha da yawa, ta bar rabin, wato ƙarko da gyaruwa.

Lamba 14 ta haɗa duka. In ƙafa ta yi sako-sako a ɗaure noti, in saƙar ta huje a sake saƙawa, in katako ɗaya ya karye a sauya shi kaɗai. Masana'antar da Thonet ya buɗe a 1861 a garin Bystřice pod Hostýnem, a Jamhuriyar Cek ta yanzu, har yau tana aiki. Ma'aikata biyu suna zaro sandar katako daga tukunyar tururi, su lanƙwasa ta a kan mazubi tun tana da zafi, su ɗaure, su ɗauko ta gaba.